Ranar da Layinmu Ya Kashe Intanet Saboda Sa

Mahaifina ya yi rayuwarsa yana safarar shanu daga kasuwannin kan iyaka zuwa kudu. Da ƙarfi ya ja baya sai ya sallami komai ya bar sa guda, farin bokolo mai ƙaton tozo, ya ɗaure shi a gindin dogonyaron tsakar gidanmu da ke Runjin Sambo. Wai kiwo yake yi don ya sayar da Babbar Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, mahauta suna zuwa suna tayawa, shi kuma yana samo aibi a jikin kowane mai saye. Wannan bai yi sallama da kyau ba, wancan ya taɓa san da hannun hagu. A ƙarshe kowa ya gane san nan ba na sayarwa ba ne. Baba ba ya ma ce masa sa, “mutumina” yake ce masa, kuma idan aka yi baƙi shi ake fara nuna musu kafin jikoki.

Ni ce 'yarsa ta biyu, malamar makaranta, ina aure a unguwar Gidan Dare. An naɗa ni injiniyar gidanmu ne tun ranar da na canja wa rimot batir ya tashi. Ni na sa aka kafa musu intanet na gida, irin mai ƙaramin faranti a kan rufi da akwati mai ƙyaftawar fitilu a falo, don Inna, mahaifiyata, ta riƙa sauraron wa'azi tana kuma ganin jikokinta na nesa. Tun daga nan duk abin da ya lalace a gidan, daga fanka har famfo, ni ake kira a tambaye ni me na taɓa.

Abin da ya tayar mana da hankali a wannan shekarar shi ne idon Baba. Yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagu kuma saura ƙiris. Ya kai yana yi wa buhun dusa sallama a zaure, yana tsayawa jiran amsa. Likita ya ce yanar ta nuna har ta fara matsa wa idon, ciwon sukari kuma ya taɓa can bayan ido, don haka ya tura mu wurin wani ƙwararre a Kaduna. Bai ɓoye mana ba, ya ce in aka ja lokaci abin da zai tafi ba zai dawo ba. Yayana da ke zaune a Kadunan ya kama mana rana. Baba ya ce ba inda za shi.

“In tahi in bar ma wa mutumina?” in ji shi. “Uwakku? Ita da ta hi son ta gan shi cikin tukunya?”

“Wallahi kau,” in ji Inna daga madafa, “da yaji da romo.”

Baba yana da hujjarsa. Akwai wani sa da ya taɓa kiwatawa kafin wannan, ya je ɗaurin aure Wamakko ya kwana, ya dawo ya tarar dabbar ta haɗiyi leda, cikinta ya kumbura, har an yanka. Tun daga nan bai sake kwana a wajen gida ba. Na ce masa ai akwai kiran bidiyo, duk lokacin da ya so sai ya kira Inna ta nuna masa san. Ya ce shi ba zai ɗora ran mutuminsa a kan waya da matar da in ta yi fushi ba ta ɗauka ba.

Yayana ne ya kawo dabarar kamara. Yana da wasu da ya cire daga tsohon shagonsa, tare da akwatinsu mai kama da tsohon bidiyo, ya saka su a motar haya ya aiko. Ya rantse mini ta waya cewa lokacin da suke shagonsa, daga ko'ina yake kallon yaransa suna barci a kan kaya. Aka ɗaura ɗaya a reshen dogonyaro tana fuskantar turke, na haɗa ta da akwatin intanet, na buɗe a wayar Baba. Sai ga sa ya fito fes, yana tuƙa.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga san nan a gabansa har numfashinsa yana kaɗa masa riga, amma shi ya manna waya a kan hancinsa yana kallon wani farin dishi-dishi da idon hagu. Ya ce shi dai in ya ga farin nan a tsaye ko a kwance, ya san lafiyar abinsa.

“In dai ina ganinai daga can,” in ji shi, “to mu tahi.”

Na ɗauki wayar na tafi da ita gidana don in gwada. Na buɗe, allo ya yi baƙi, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Na kashe na kunna, na cire layi na mayar, na hura wa wayar iska kamar yadda ake yi wa garwashi. Zobe dai yake juyawa. Washegari na koma Runjin Sambo, ina shiga zaure sai ga sa ya dawo yana tuƙarsa. Na fita, ya ɓace. Na shigo, ya dawo. Na yi ta shiga da fita har maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaye ni ko wani abu na yar. Iyakar inda hoton yake kaiwa ita ce bakin kwatar ƙofar gida. Wato mun sami kamarar da ke nuna maka sa idan kana tsaye kusa da sa.

Na kira kamfanin intanet ɗin na yi ta faɗa, su kuma suna ta ba ni haƙuri suna cewa in kashe akwati in kunna. Da suka ga ba zan bar su su sha ruwa ba, suka turo injiniya, wani Bakano mai jakar baya da fuskar wanda ya gaji da maimaita magana ɗaya a gidaje. Ya duba akwatin kamara, ya duba nasu akwatin, ya zauna a bakin tabarma ya ce ba abin da ya lalace.

“Baba, matsalar adireshi ce,” in ji shi. “Duk gidan da ke kan intanet yana buƙatar adireshi, wata lamba ce, da ita ake gano shi daga waje. To irin lambobin da aka fara da su sun ƙare a duniya.”

“Mi kac ce?” in ji Baba. “Sun ƙare? Awa yadda kananzir ka ƙarewa?”

“Sun ƙare, Baba. Waɗanda suka tsara abin ba su zaci jama'a za su yi yawa haka ba.”

“Lamba hwa kac ce. Lamba na ƙarewa? Ku ƙara sihiri guda mana!” in ji Baba, yana nufin sifiri.

Injiniya ya ce an ma ƙara, an fito da sababbin adireshi masu tsawo waɗanda ba za su ƙare ba, amma kamfaninsu bai gama komawa kansu ba, kuma ko ya koma, wannan tsohon akwatin kamarar bai san da zamansu ba. Ya ce 'yan adireshin da kamfani yake da su ba su kai yawan masu hulɗa da shi ba, don haka sai ya tara gidaje da yawa a bayan adireshi guda. Ya kwatanta mana da gidan haya mai ƙofa ɗaya: kowa na ciki yana iya fita ya yi sayayyarsa ya dawo, amma baƙon da ya zo daga waje ya tsaya a ƙofa yana sallama, ba wanda ya san ɗakin wa yake nema. Wayar Baba idan ta bar gida ta zama baƙo ke nan.

A nan na gane wasu abubuwa da suka daɗe suna ba ni haushi. Duk lokacin da na zauna a falon Inna zan shigar da sakamakon ɗalibaina, sai shafi ya tsare ni ya ce in tabbatar ni mutum ce ba na'ura ba, in zaɓi hotunan da ke da danja, in zaɓi masu gada, in sake zaɓar masu danja. Akwai ranar da wani shafi ya kore ni gaba ɗaya, wai an yi ta ƙwanƙwasa masa daga adireshina, alhali ko mayafi ban cire ba. Injiniya ya ce ai haka abin yake, in ɗaya daga cikin masu adireshin ya yi ɓarna, duka ake haɗawa a hukunta. Na ce to a ba mu namu mu kaɗai. Ya ce ana bayarwa, amma bankuna da otal-otal ne a gaba, mu sai dai mu shiga layi, kuma ba zai yi mana alkawarin rana ba. Ya ce mafi sauƙi mu sayi sabuwar kamara, irin wadda ke aika hotonta can ƙasar da aka ƙera ta, daga can kuma waya ta ɗauko.

Inna ce ta kashe wannan maganar tun kafin Baba ya buɗe baki.

“Tsakar gidana, inda nika wanki ba lulluɓi, shi za a kai wata ƙasa wasu ƙatti su kalla? Ba da ni ba.”

Injiniya ya rataya jakarsa ya tafi. Baba ya shiga shafa gemu, ni kuwa na san shafar nan, ba ta haifar da alheri. Can ya ce shi ya gane maganar sarai. In dai gidan haya ne, kuma cunkoso ne ya hana baƙo gane ɗaki, ai maganin a fili yake. A roƙi sauran su ɗan fita.

Wanda bai san unguwarmu ba zai ce Baba ya zautu, amma a wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. In ana biki a gida ɗaya, maƙwabta kan kwashe kayansu su bar wa baƙin biki ɗakuna, wani ma ya koma gidan ɗan'uwansa ya kwana. Baba da kansa ya sha barin turakarsa saboda 'yan kawo amaryar wasu. Yau shi ne da buƙata. Kuma a ganinsa abokan zaman nasa sanannu ne, duk gidan da ke da irin farantinmu a kan rufi. Na buɗe baki zan ce ba haka ba ne, sai na ga ni ma ban san yadda ne ba. Da digirina da komai, sai da na ce a raina, wa ya sani.

Bayan sallar Azahar Baba ya miƙe a masallacin layinmu ya yi jawabi. Ba na wurin, amma an ba ni labari ta bakuna da yawa. Ya ce za a yi masa aikin ido, yana neman alfarmar duk mai akwatin intanet ya kashe daga La'asar zuwa Magariba don a yi gwaji. In abin ya yi, to sai a yi haƙuri a kashe har ya dawo daga Kaduna. Liman ya ƙara da nasiha a kan haƙƙin maƙwabtaka. Ba wanda ya ce a'a. Wa zai kalli tsoho mai lalube da sanda ya ce masa a'a?

Da aka sallame La'asar, layinmu ya mutu murus. Tela ya kashe nasa. Mai shagon buga takardu ya kashe ya jawo benci waje. Matar da ke sayar da atamfa ta waya ta kashe tana mita, ta ce a daidai lokacin ne masu sayenta ke tashi daga aiki. Waɗanda ma ba kamfaninmu ɗaya ba suka kashe don kada a ce da su. Wani ɗan fansho ya sauke layin wutar gidansa gaba ɗaya, wata tsohuwa da ba ta da intanet ta kashe rediyonta ta cire batir, ta ce kada ya zama ita ce sanadi. Samarin da ba a taɓa ganin fuskarsu da rana ba suka firfito ƙofar gida suna mutsuke ido, iyayensu suna yi musu barka da zuwa.

Baba ya ce shi da kansa zai je gwajin. Muka tari keke, na riƙe masa hannu ya shiga, jama'a suna yi mana fatan alheri kamar masu tafiya Hajji. Ya ce a yi hanyar Wamakko, don nisan ya yi nisa. Ya manna waya a hanci. Muna ƙetare kwata farin ya ɓace, zobe ya fara juyi. Baba ya ce a ba shi lokaci, adireshin bai gama hucewa ba. Mai keke da ya ji labarin ya ɗauki abin da zafi fiye da mu, ya kashe tasa wayar, ya riƙa tsayawa a kan duk wani tudu yana cewa a ɗaga sama. Muka wuce gonakin shinkafa, rana ta yi ja, ba sa ba alamarsa.

“Akwai munahukin da bai kashe ba,” in ji Baba.

Da wannan maganar muka dawo, kuma ita ta kusa raba layinmu. Kafin in sauko daga keke an fara bincike. Wani ya ce ya ga fitila tana ƙyaftawa ta tagar tela, tela ya rantse ta cajin fitilar hannu ce. Mai atamfa ta ce ita ta yi asarar yammacinta, don haka sai an fito da maci amana. Da na ga ana shirin shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya, na kira injiniya na buɗe muryar wayar kowa ya ji, na faɗa masa abin da muka yi.

Da farko na zaci layin ya yanke. Daga baya na gane toshe bakinsa ya yi don kada mu ji dariyarsa.

“Hajiya, duk layin suka kashe?” in ji shi. “Ai waɗanda kuke adireshi ɗaya da su ba lallai 'yan unguwarku ba ne. Wani yana Kano, wani yana Ibadan, gobe ma a canja muku wasu. Kuma ko duk sun kashe, ƙofar ta kamfani ce, ba ta Baba ba. Ba za ta san ɗakinsa ba sai an ba shi tasa.”

Jama'a suka tsaya cirko-cirko. Tela ne ya fara dariya, sai kowa ya ɗauka, tsohuwa mai rediyo tana tambaya ko ta mayar da batir. Baba ma ya murmusa, ya ce ashe shekara da shekaru yana zaune gida ɗaya da mutanen Ibadan bai sani ba, wataƙila ma akwai wanda ya taɓa sayar wa sa a cikinsu. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya da lalube yana yi musu godiya. Amma da muka shiga gida ya zauna a tabarmarsa, ya miƙo mini wayar ya ce in kira yayana in ce a fasa.

A nan dariya ta ƙare mini. Na yi masa magana da muryar da ban taɓa yi masa ba, na ce zai makance saboda dabba, na ce jikokinsa za su girma bai san kamanninsu ba. Ya miƙa hannu yana laluben wuyan san har ya samu, ya riƙa shafawa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san Baba in ya kafe, sai dai a yi haƙuri.

Sai ga Inna ta fito daga madafa. Ta ɗauki bokitin dusa, abin da ban taɓa ganin ta taɓa ba, ta dama da ruwa da kanwa, ta dire a gaban san. Ta tsaya a kansa har ya sa baki.

“Alhaji,” ta ce, “ka tahi a gyara maka ido. Dut sa'ad da kak kira ina ɗauka, ko hushi nikai. In salla nikai, in na sallame in kira ka. Leda kau ko guda ba ta kwana gidan ga.”

Baba ya daɗe yana sauraron yadda san yake zuƙar dusa. Sannan ya tambaye ni ko shi kiran bidiyon ba ruwansa da adireshi. Na ce ba ruwansa, don shi ba sallama yake yi a ƙofa ba, kowa fita yake yi a haɗu a waje. Ban faɗa musu cewa wajen da ake haɗuwar ma wata ƙasa ba ce. Na ga ba ranar faɗin wannan ba ce.

Muka tafi Kaduna ni da shi, muka sauka gidan yayana. Tun a mota ya fara kira. Inna ba ta taɓa koyon maɓallin da ke juya kamarar waya ba, kuma ta ƙi a koya mata. In ta ɗauka, fuskarta ce ke fara cika allo, goshi da hanci, tana ƙwala sallama kamar mai kiran wani a gona. Sannan ta juya wayar gaba ɗaya da hannu ta nufi turke, muna ganin ƙasa da takalmanta da bokiti kafin a iso ga sa. Baba ba ya iya jiran wannan tafiyar.

“Juya, juya,” yake cewa, “ba ke nika nema ba!”

Haka aka yi ta yi safe da rana da yamma, har a bakin ɗakin tiyata sai da ya kira ya ji ko mutuminsa ya yi kashi. Aka shiga da shi, ni da yayana muka zauna a benci muna jira. Da aka fito likita ya ce an ci sa'a, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

Washegari da safe aka cire bandejin idon dama. Baba ya ƙyafta, ya kalli silin, ya kalli yayana ya ce ashe ya yi tumbi haka. Ya kalle ni ya ce mayafina bai dace da zanena ba. Sannan ya ce a ba shi waya. Na danna masa kiran, ya kai ta hanci yadda ya saba, sai ya ja ta baya a hankali har tsawon hannunsa.

Inna ta ɗauka, fuskarta ta cika allon, kallabinta ya zame baya, hayaƙin madafa ya sa idonta ja. Ta ƙwala sallama. Baba ya ƙura mata ido.

“Ke,” ya ce, “yaushe kinka yi hurhura haka?”

“Tun zuwan mutuminka,” in ji Inna. “Bari in juya maka shi.”

“Ɗaure shike, ba inda za shi. Tsaya nan tukuna.”

Inna ta rasa abin yi. Ta kai hannu ta jawo kallabinta gaba, ta kalli gefe, ta sake kallonsa, ta ce masa wai mene ne haka. Na taɓa yayana muka fita baranda muka ja musu ƙofa, don ni dai ban san Inna tana jin kunya ba sai ranar.